Magarya a Garin Masu Taru

A Tungar Mamuda, wani ƙauyen masunta da ke bakin tafkin Kainji, tafiyar rabin sa'a a babur daga Wara, ba a barin ƙaya ta girma. Ba wata doka aka kafa ba. Kowane gida dai yana da taru ko birgi, wato ragar jifa, kuma da an dawo daga ruwa sai an shanya su a kan sanduna. Ƙaya guda ta isa ta yaga raga, ta ba mutum ɗinkin wuni. Saboda haka duk namijin da ya ga wani abu mai tsini ya ɗago kai daga ƙasa, adda yake sa masa ya wuce, ko sunansa ba ya tambaya. Wanda ya tsira har ya yi kauri kuwa, mata na jiransa da gatari, domin bandar kifi ba ta ƙoshi da itace.

A wannan gari ne Delu matar Zakari ta ce za ta shuka magarya.

Delu ba ta san shekarar haihuwarta ba. Abin da ta sani shi ne tana goye a bayan innarta aka taso mutanensu daga tsohon bakin kogi, lokacin da aka datse ruwa ya fara hawa kan gonaki. Yanzu ta doshi sittin, gari duka Inna Delu yake ce mata. Doguwa ce, baƙa, idanunta sun yi ja da hayaƙi. Ta haifi shida, huɗu suna raye. Sana'arta ta yau da kullum ita ce ta kowace mace a tungar: ta ƙyafe tarwaɗa, ta shanya warangi, 'yan mitsi-mitsin kifin nan, ranar kasuwa ta kai Wara. Amma tana da aiki na biyu da ba a zuwa kasuwa da shi. Idan mace ta rasu a garin, ita ake aika wa.

Ta koyi wankan gawa a hannun Aminatu, ƙanwar mahaifinta. Tana da 'ya'ya uku lokacin da Gwaggo Aminatu ta fara janta ɗakin wanka. Da farko riƙon buta ne nata, daga baya riƙon zanen da ake suturce mamaciya da shi. Sai da ta shekara huɗu kafin a bar ta ta sa hannu. A nan ta koyi cewa da dama ake farawa, ba a tsayawa a kan biyu ko huɗu, sai uku ko biyar, kuma abin da ido ya gani a ɗakin, a nan yake kwana. A nan kuma ta san ganyen magarya. Ana daka shi ɗanye a ƙaramin turmi, a kaɗa a ƙwarya har ya yi kumfa, a yi wankan farko da shi. Ruwan ƙarshe ne ake sa wa kafur.

Aminatu takan ce a tsohon gari wata magarya ce a bakin maƙabarta, ba a ko aiken yaro, hannu kawai ake miƙawa. Wannan tana ƙarƙashin tafki yanzu. Da aka dawo tudu ma ba a rasa ba, don daji yana nan kusa. Sannu a hankali gonakin masara da wake suka cinye dajin, banda ta cinye abin da ya saura. Shekara goma ke nan Delu ba ta ga ɗanyen ganye a turminta ba. Garin busasshen ganyen magarya take sa a sayo mata a kasuwar Yelwa, ƙulle a leda, ta adana a cikin wani gwangwani a kan katanga.

Aminatu ta daɗe da barin aikin. Gwiwoyi sun ƙi, ido ya yi hazo, 'ya'yanta maza biyu sun riga ta. A gidan Delu take zaune, a ɗakin gabas. Harshenta ne kaɗai bai tsufa ba.

A bazarar 2018 wata mata, Aishatu, ta rasu da hantsi. Delu ta sauko da gwangwani ta buɗe, ta tarar gari ya dunƙule ya yi fumfuna. Zafi ake yi na gaske, ba halin jiran ɗan kabukabu ya je tudu a babur ya dawo. Aka tambayi liman, ya ce a yi da sabulu, babu laifi ko kaɗan. Haka aka yi. Da Delu ta dawo gida, Aminatu ta kira ta, ta kamo hannunta ta shinshina.

"Sabulu," in ji ta. "Kin wanke Aishatu kamar tukunya."

Delu ta ce ai malam ya ce ya halatta.

"Malam ya yi gaskiya. Amma ni mata sun fi ɗari da na wanke da ɗanyen ganye, ɗiyar ɗan'uwana ba za ta sallame ni da kumfar kanti ba. Garin leda ma ban so, wa ya san mi aka daka ciki? Ki shuka icce. Ina jira."

"In aka kira ki kafin ya fito fa, Gwaggo?"

"Sai in ce musu Delu ce ta yi jinkiri."

Matan da suka biyo Delu gida suka yi dariya, ita ma ta yi. Amma ta san tsohuwar ba wasa take yi ba. Mutumin da bai taɓa roƙonka komai ba, ran da ya roƙa, ko da dariya ya faɗa, ya ɗora maka kaya.

Zakari mutum ne mai sanyin hali, ya fi shekara arba'in yana shiga ruwa. Da ta gaya masa, ya ce me zai hana ta shuka mangwaro, ko ba komai jikoki sa sha. Da ya ga ba ta ko murmusa ba, sai ya ce to, amma a nesa da sandunan shanyarsa, waɗanda ke bayan garken awaki tun zamanin mahaifinsa. Ya taka ƙafa ashirin daga nan zuwa kusa da makewayi, ya ja layi da dunduniya.

Ba ta ma fara daga nan ba. Masunci bai san ƙasa mai albarka ba sai wadda ruwa ya janye ya bari, inda ake dasa albasa. Delu ta sayo mudun 'ya'yan magarya a Wara, ta binne su ɗungum, da ɓawo da komai, a laka mai laushi a bakin tafki. Ta yi ta leƙe har damina ta raba, ko tsiro ɗaya. Da kaka tafki ya ciko, ya shafe wurin.

Daminar da ta biyo baya, suna dawowa daga suna a wajen Ngaski, motarsu ta yi faci. Fasinjoji suka sauka suka zauna a gefen hanya. Nan Delu ta hango wani ɗan tsiro bai kai kamu biyu ba. Ta matsa ta duba. Ƙayarsa bibbiyu ce, ɗaya a miƙe, ɗaya a lanƙwashe kamar ƙugiya. Jijiyoyi uku ne suka taso daga gindin kowane ganye. Ta san waɗannan alamu tun tana riƙon buta. Ta ari wuƙar wani mai sayar da rake ta tono shi da ƙasarsa, ta juye tuwon suna a leda, ta sa tsiron a kwano ta rungumo shi har gida.

Ta dasa shi a bayan layin Zakari. Safe da yamma tana ba shi ruwa, har da ruwan wankin kifi, wai ya ji maiƙo. Ya kuwa karɓa. Shekara ta zagayo ya kai mata ƙugu, wata shekarar ta zagayo ya wuce kafaɗa. Mata masu zuwa aron turmi sukan tsaya su yi masa kallo, su ce magaryar Gwaggo ta yi ƙiba. Kowace safiya idan Delu ta kai wa Aminatu kunu, sai ta tambayi lafiyar ango, haka ta raɗa wa itacen suna. Delu ta ce yana gaishe ta.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Ganyen da ta sani ƙarami ne, mai zagayayyen kai, bayansa fari da laushi kamar an barbaɗa masa toka. Wannan kuwa ya ɗan fi faɗi, kansa da tsini, kore ne ciki da baya, yana sheƙi. Ta nuna wa Zakari. Ya juya shi a hannu, ya ce ai farin nan furfura ce, sai itace ya manyanta, shi ma ba da ita aka haife shi ba. Delu ta karɓi maganar don tana son ta karɓa. Ta san da ta tsinki ganye guda ta sa a tafin Aminatu, ko ba ido, yatsun tsohuwar za su faɗi gaskiya. Ba ta kai mata ba. Idan an yi rasuwa kuma, garin ganyen da ake sayowa a Yelwa take ɗauka, ta ce ba a tsinke ganyen itace yana yaro.

A ƙarshen 2022 itacen ya yi 'ya'ya. Da sanyi ya shigo suka nuna, suka yi ja mai duhu. Delu ta tsinki ɗaya ta tauna a tsaye. Ɗaci ya cika mata baki, ba tsoka, ba zaƙi. Ta gwada na wani reshe, duk ɗaya. A makon nan kuma tari ya kama Aminatu, ta kwana huɗu ba ta tambayi ango ba.

Ranar kasuwa Delu ta karyo reshe ta sa a kan kwandon kifinta. Akwai wata mata a kasuwar Wara mai suna Ruth, Bakambara ce daga ƙauyukan duwatsu da ke bayan Ngaski, mai sayar da dawa da daddawa. Sun shekara ashirin suna musaya, kifi ya hau tudu, hatsi ya sauko bakin ruwa. Ruth na kiranta Yaya, ita tana ce mata Uwar Grace. Bayan an gaisa an tambayi gida da gona da ruwa, Delu ta miƙa mata reshen.

Ruth ta juya ganye ɗaya, ta dubi Delu.

"Yaya, wa kike so ki yi wa magani da magaryar kura?"

Delu ta zauna a kan buhun dawa. Ta ba ta labari tun daga sabulu har zuwa ruwan wankin kifi. Ruth ta so ta daure, amma da aka zo kan furfura sai da ta kifa kai a gwiwa tana dariya. Ta ce ku mutanen ruwa, da kifi ne da kun san kakansa. Sannan ta share ido ta yi bayani a natse. Uku ne 'yan gida ɗaya, in ji ta, duka ƙayarsu bibbiyu ce, duka jijiyar ganyensu uku, shi ya sa waɗannan alamu ba sa raba gardama. Kurna babban itace ce, ganyenta ba gashi. Magaryar kura ita ce wannan, kore gaba da baya. Ta gaske, wadda ake ci, a bayan ganye ake gane ta, fari ne tun tana ƙarama, kuma sabon reshenta ma yana da wannan farin gashi. Ta ce ɗanyen ganye ba wuya, tana iya kawowa duk ranar kasuwa. Delu ta ce mutuwa ba ta san ranar kasuwa ba, kuma tsohuwar itace ta ce, ba ganye ba. Ruth ta daina dariya. Ta ce ran Litinin tana nan tafe.

Ta zo da hantsi a bayan ɗan kabukabu, da ƙullin ƙwallayen magarya a bakin zane. Ta fara shiga ɗakin gabas ta durƙusa ta gaida Aminatu, wadda tarin ya ɗan sake ta amma muryarta ta dushe. Sannan aka kai ta wurin itacen. Ta zagaye shi, ta ce ba ta taɓa ganin magaryar kura da ta ji daɗin duniya kamar wannan ba. Zakari, da ya bar ɗinkin taru ya biyo su, ya tambaya ko ya ɗauko adda. Ruth ta ce ya bari, saiwarta da ɓawonta suna maganin mutanensu, wata rana za ta aiko.

Ta kwance ƙullin ta nuna wa Delu yadda ake yi. Ƙwallon magarya dutse ne, in aka binne shi haka zai iya shekara bai motsa ba. Sai an ɗora shi a kan dutse an ƙwanƙwasa a hankali ya tsage, a ciro 'yan ƙwayoyin da ke ciki. A shuka da ruwan farko, a kan tudu, inda ruwa ba ya kwanciya, kuma a inda ake so ya zauna har abada, don saiwarsa ƙasa take nufa, ba ya son ƙaura. Delu ta tambayi yaushe za a sami ganyen da zai cika turmi. Ruth ta ce in awaki sun bari, damina biyu, ko uku.

Daga inda suke tsaye ana jin tarin Aminatu. Delu ta tattara ƙwayoyin a tafin hannu.

Suka shiga neman wuri. Gidan duk gangare ne zuwa tafki, in ban da bayan garken awaki, inda ƙasa ta ɗan tashi, mai tsakuwa. Nan ne kuma sandunan Zakari suke, da taru biyu a shanye. Ruth ta bi ta jikin dangar garken tana taka ƙasa da ƙafa, sai wani abu ya kama mata gefen zane. Ta sunkuya za ta cire, sai ta durƙusa gaba ɗaya.

Wani kututture ne, kaurinsa kamar dantsen yaro, bai fi tsawon yatsa a kan ƙasa ba. 'Yan tsirarun rassa sun fito a jikinsa, duk ƙaya, ba ganye, awaki sun gwaigwaye su. Ruth ta sa tsinke ta ɗaga wani reshe da ya kwanta a ƙarƙashin danga, inda bakin akuya ba ya kaiwa. Ganye biyu ne a jikinsa, kowanne bai kai farcen babban yatsa ba. Ta tsinko ɗaya ta juya shi a tafin Delu. Bayansa fari ne, da laushi.

"Jar akuyar nan da kika karɓa a wurina," in ji Ruth, "shekara nawa yanzu?"

"Bakwai. Ga jikokinta nan."

"To ita ta shuka miki. A gindin magarya take wuni a wurinmu. Ta zo da su a ciki, ta yi tuƙa ta tofar a nan."

Suka juya suka dubi Zakari. Ya sosa ƙeya. Ya ce shi dai ya san akwai wata ƙaya mai taurin kai a wurin, duk shekara yana sare ta, duk shekara tana dawowa. Ya ƙirga da yatsu, ya ce sau shida, ko bakwai. Ruth ta ce saran nan bai taɓa saiwar ba, shekara bakwai tana tafiya ƙasa tana tara ƙarfi. In aka ƙyale ta damina ɗaya, za ta yi abin da sabuwar shuka ba za ta yi a uku ba.

Zakari ya tambaya ko za a iya tono ta a mayar bayan layi. Ruth ta ce sai dai in zai tona rijiya.

Daga kututturen zuwa sandar farko taki uku ne. Magarya kuwa ba ta miƙewa sama kamar giginya, bajewa take yi, rassanta su sunkuyo. Duk wanda ke wurin ya san taru da ita ba za su zauna tare ba. Wurin kuma shi ne mafi iska a gidan, shi ya sa mahaifin Zakari ya zaɓe shi. Delu ba ta roƙe shi ba. A shekara talatin da biyar na aure ta san idan aka matsa masa, gardama yake nema, idan aka bar shi, shi da kansa yake gardamar. Ta shiga ta zubo wa Ruth tuwon shinkafa da miyar kifi, aka ci, aka raka baƙuwa bakin hanya.

Washegari bai shiga ruwa ba. Da ta fito da kunun Gwaggo, ta tarar ya tuge sanduna huɗu, yana jijjiga ta biyar. Ya kafa su a gefen gangare, wurin da iska ba ta kai ta can ba, taru kan ɗauki rabin wuni kafin ya bushe. Har yau yana faɗin haka idan aka taɓo zancen. Da ya gama, ya ɗauko wata tsohuwar gura, kwandon nan na kama kifi, ya yanke gindinta ya kife ta a kan kututturen, ya danne da duwatsu saboda awaki. Abokansa na majalisar bakin jirage suka sa masa suna Sarkin Ƙaya. Yakan ce da su, ran da matansu suka buƙaci ganye, za su zo fada su yi gaisuwa.

Ruth ta bar sharuɗɗa biyu. Idan rassa sun fito, a zaɓi mafi ƙarfi a bari, a yanke sauran. Kuma kada a ba ta ruwa, ko kaɗan, don ta fi kowa sanin inda ruwa yake. Na biyun ne ya fi ba Delu wuya. Mace ce da ta tashi a bakin tafki, ba ta iya ganin abu mai rai a busasshiyar ƙasa ta wuce da tulu a ka. Ta daure dai.

Bazara ta wuce kututturen bai yi wani abin kirki ba. Aminatu kuwa ta warke daga tarin, ta koma tambaya. Delu ta gaya mata gaskiya duka. Tsohuwar ta yi dariya har ta ƙware, ta ce ashe shekara uku bawan ango ake yi wa hidima, ango na bayan garke ana sare masa kai.

Da ruwa ya sauka, abin ya ba kowa mamaki. Cikin wata guda rassa suka leƙo ta saman gura. Zakari ya cire ta, ya kafa turaku, ya naɗe su da tsohon taru ninki uku. Mutane suka riƙa zuwa kallon ragar da aka sa gadin ƙaya. Kafin a yanke gero, magaryar ta kai wa Delu ƙirji, idan iska ta kaɗa sai ganyen ya juya baya, itacen duka ya yi fari-fari.

Wata safiya ta tsinki cikin tafi, ta kai ɗakin gabas tare da kunu. Ta sa guda a hannun Aminatu. Tsohuwar ta shafa cikinsa, ta juya ta shafa bayan, ta daɗe tana shafawa. Ta ce a daka. Delu ta daka, ta kaɗa a ƙwarya, kumfa ta taso kore-kore. Aminatu ta tsoma yatsu, ta kai hanci.

"Wanga shi ne," in ji ta. "Yanzu kin yi."

"Ba korarki nake yi ba fa, Gwaggo."

"Wa ya ce zan tafi? Sai na ɗanɗana ɗiyan. Kin taɓa cuta ta sau ɗaya."

Ta kuwa jira. A shekarar itacen ya yi fure ya zubar. Cikin wannan lokaci mata uku suka rasu a tungar, Delu ta wanke su da ɗanyen ganye, har daga tungar da ke maƙwabtaka aka aiko aka tsinka. Delu ta fara jan wata mata, Sumayya, uwar 'ya'ya huɗu, tana riƙe mata buta. A ƙarshen 2024 rassa suka sunkuyo da 'ya'ya, ƙanana, ruwan ƙasa-ƙasa. Delu ta fara taunawa ita kaɗai a bayan garke. Zaƙi ne da ɗan tsami. Ta shanya, ta daka, ta tankaɗe, ta yi tuwon magarya, don Aminatu ba ta da haƙorin tauna ƙwallo. Tsohuwar ta ci loma uku, ta ce na tsohon gari ya fi zaƙi, amma ba laifi.

Bayan mako uku, wata Alhamis da hantsi, ta rasu, Delu na riƙe da kanta.

Ba a aiki kowa ko'ina ba. Delu ta fita ta bayan garke da ƙwarya, Zakari ya ɗage mata ragar ta shiga. Ƙaya ta karce ta a wuyan hannu, ba ta kula ba. Ta daka a ƙaramin turmin da Aminatu ta ba ta tun da daɗewa, ta kaɗa, Sumayya ta riƙe buta. Ta fara da dama. Ta yi uku, ta ga ya isa, ta sa kafur a na ƙarshe. Kafin azahar maza sun dawo daga maƙabarta.

Ruth ta zo ranar uku ta yi gaisuwa, ta kawo kwanon dawa. Da za ta tafi, ta ce bari ta duba itacen. Ta zagaye shi, ta nuna wasu rassa biyu da ya kamata a rage kafin su kai kan garke. Sannan ta sa yatsa a gindinsa. Wata uku ke nan rabon garin da ruwan sama, amma ƙasar da danshi.

"Yaya, kin ba shi ruwa."

"Ƙwarya ɗaya ce," in ji Delu. "Ya yi aiki shekaranjiya."